Jirgi a Kan Rairayi

Zulfa, malamar makaranta daga Tambuwal, ta zo kallon gulbi da ƙawayenta a wajen Kebbe. Su suna kan sabuwar gada suna ɗaukar hoto, ita kuwa idonta yana ƙasa, kan wani tsoho mai sayar da shayi.

Dogo ne siriri, kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu tudu, tafin hannunsa duk kanta. Ba ta san sunansa ba, amma wannan jiki na mai fito ne, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana haye da mutane kafin gada ta zo. Ga jirgin nan a bayansa, an jawo shi kan rairayi nesa da ruwa. Ya cika rabinsa da ƙasa ya shuka na'a-na'a, daga nan yake tsinko ganyen da yake jefa wa baƙi a shayi.

Ta sauko, ta ce, "Baba, in shiga a yi mini hoto?"

Tsohon ya ajiye buta, ya dafe bakin jirgin da hannu biyu, ya tokare ƙafa.

"Yi bisimilla, ɗiyata. Zamna tsaka, kada ki jingina gefe, ruwan ga ba shi da wasa."

Sai ya dubi ƙafarsa, ya ga busasshen rairayi. Har aka gama hoton ta fito, bai saki jirgin ba.