Lallen Bayan Ɗaki da Cinikin Gidanmu na Yammedi

Malam Edita, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili in ba masu karatu labarin abin da ya taɓa samuna, wanda har yau in ya faɗo mini a rai sai na ajiye allura. A wancan lokaci, tun Turawa na mulkin ƙasar nan, ni maɗinki ne a Yammedi ta ƙasar Karaye. Ɗinkin hannu nake yi, riguna da wanduna da ɗan aikin hula. Ba yabon kai ba, hannuna na da kyau, amma zuciyata a kusa take, kuma in na sa abu a gaba, ko gobara ake yi a maƙwabta ba na gani. Matata ɗaya ce, 'yar garin, mace marar yawan magana, sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Mutane kan ce Allah ya haɗa mai surutu da mai saurare, ni kuwa ina jin haka sai in ɗauka yabona ake yi.

Gidan da muke ciki namu ne mu biyu. Filin garkar mahaifinta ce da ta gada, ni na buga tubali na ɗaga bango, ita kuma da kuɗin manta aka sayi azara da ƙyaure. Duk unguwa an san haka, mai unguwa ma ya sani, saboda haka ba yadda za a yi in sayar sai da yardarta. Akwai kuma wani abu da nake so mai karatu ya riƙe, tunda ni ban riƙe ba. Ɗanmu na fari namiji ne, kuma kun san kunyar ɗan fari a wurin matanmu na da. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, in ya yi kuka mahaifiyata na wurin sai ta kau da kai kamar ɗan wani ne. Yana fara tafiya ƙyanda ta ɗauke shi, ni ina can wajen Zariya ci-rani. Aka binne shi a bayan ɗakinta, yadda ake yi wa ƙananan yara a lokacin. Da na dawo na karɓi gaisuwa a zaure, ni ma kunya ta hana ni in ce a nuna mini daidai wurin. Da damina ta faɗi ta dasa lalle a bayan ɗakin, na ce a raina mace da son kwalliya. Allah ya ba mu wasu 'ya'yan, gida ya cika da hayaniya, maganar ta shige mini can ƙasan zuciya har na daina jin ta.

Ana nan sai keken ɗinki ya shigo ƙasarmu. Abin da zan kwana bakwai ina tsira wa allura, mai keke ya gama shi kafin la'asar, ya kuma yi arha. Masu kawo mini ɗinki suka fara gaishe ni daga nesa. Na je kasuwar Rogo na ga wani yana taka keke mutane sun yi masa da'ira, na dawo gida da ciwon abin a raina. Na yanke shawara in sayar da gida, in sayi keke, mu koma Rogo in kama rumfa. Na gaya wa matata, ta ce duk inda na sa ƙafa nan za ta sa tata, Allah ya sa alheri. Ban tsaya na dubi fuskarta ba, ina can ina lissafin keke.

Masu saye biyu suka fito. Na farko wani attajiri ne mai sayen gyaɗa, mutumin kirki mai fara'a, wanda gidan ya yi masa don yana bakin hanya, ga kuma fili a baya inda zai gina sito ya kafa sikeli. Na yanka masa kuɗi masu tsoka ina jiran ya taya, sai ya ce ya saya. Kuɗin za su sayi keke, su kama mana gida a Rogo, har a sami rarar sayen yadi. Na biyu maƙwabcinmu ne na jikin katanga, masaƙi, mai 'ya'ya maza da suka isa aure ba ɗakin sa su. Abin da ya iya tayawa bai kai rabin na attajirin ba, shi kansa yana faɗa yana sunkuyar da kai. Na yi masa godiya irin ta sallama, na shiga gida ina murna kamar an yi mini bushara.

Nan rigima ta tashi. Matata ta ce in dai attajirin ne, kuɗin sun yi kaɗan, sai ya ninka. Na yi dariya na ce ashe mai man gyaɗa ta fi ni iya ciniki. Na je na faɗa masa ina jin nauyi, ya ja tsaki, ya kwana biyu, ya aiko ya ce zai ƙara wani abu mai kauri. Na dawo mata da labari, sai ta ce ai jiya ke nan, yau kuɗin sun sake hawa. Na tambaye ta to nawa ne ƙarshensu, ta ce ba ta san ƙarshensu ba tukuna. A wannan zama kuma, ba ko kunyar idona, ta ce amma in masaƙi ne, abin da ya taya ya isa, a sallama masa. Jama'a, ku auna mini wannan magana. Mai kuɗi a tsawwala masa, marar kuɗi a yi masa kyauta da gumina. Na ce mata ko dai an yi mata asiri ne, ko kuwa matar masaƙin ce ta zuga ta, tunda ƙawarta ce ta ƙut da ƙut. Ta ce ba wanda ya zuga ta, ta ci gaba da murza tunkuzarta.

Na kai ƙara wurin yayanta. Ya zo ya yi mata faɗa, ya ce mace ba ta jayayya da mijinta a kan abin da zai rufa musu asiri, ta durƙusa ta saurara har ya gama, ta ce ta ji, ta gode, amma kuɗin gida suna nan yadda ta faɗa. Na daina cin tuwonta, ina sayen fura a kasuwa don ta ji haushi, ita kuwa kullum sai ta ajiye mini kwanona a rufe. Har kalmar saki na ambata, abin da ban taɓa yi ba tun aurenmu. Na ga idonta ya kawo ruwa, ta ce in na sake ta ba ta da ta cewa, amma ko a gidan yayanta take, rabonta na gidan nan ba zai sauka daga inda ta aza shi ba. A zaure kuwa na zama abin ba'a, abokai na tambayata ko yau farashi ya kwana lafiya. Ban taɓa zama na tambaye ta dalili da murya mai sanyi ba. Tambayata duk da tsawa take fita, kuma ba na jiran amsa.

Da na ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai na ce bari in yi mata ta ƙarfi. Na gayyato attajirin ya zo da magininsa su auna filin, a tunanina in ta ga an kafa turaku za ta san magana ta ƙare. Da hantsi suka iso. Na leƙa na ce a shiga ɗaki maza za su shigo, aka shiga. Muka zagaya baya, magini ya ja igiya daga katanga zuwa katanga, ya ce nan harsashin sito zai bi, a sare wannan lallen a haƙa daidai gindinsa. Bai rufe baki ba sai ga matata ta fito. Matar da ko mai tallan gishiri bai taɓa ganin fuskarta a zaure ba, ta ratso gaban baƙin maza lulluɓe da zane, da faifan gyaɗa a hannu. Ta tsallake igiyar, ta zauna a ƙasa a gefen lallen, ta hau ɓarar gyaɗa. Ba ta dubi kowa ba.

Kunya ta kama ni, zuciya ta ɗebe ni, na yi kanta na sunkuya zan fizgi hannunta. Sunkuyawar nan ita ta cece ni. A ƙarƙashin rassan lallen na ga ƙasa a share tas, an ɗan tudunta ta, ga bakin fasasshiyar tukunya ya leƙo, irin wadda ake rufe kabari da ita. Tsawon wurin bai fi kamu biyu ba, ni da nake auna yadi na san tsawon wane ne wannan. Na tsuguna a inda nake. Shekara da shekaru ina wucewa ta nan da buta a hannu, ina ganin tana shara tana ba shi ruwa da rani, tana korar awaki, ban taɓa haɗa wannan da wancan ba. Attajirin, Allah ya jiƙansa, da ya ga yadda na yi, ya dubi wurin, sai ya tuɓe takalmansa, ya ce wa magini ya naɗe igiyarsa. Ya yi addu'a a hankali, ya ce mini da ya sani da bai tako ba, suka fita.

Muka saura mu biyu a rana. Na ce mata don me ba ta faɗa mini ba tun farko. Ta ce da wane baki. Yana raye ba ta kira sunansa ba, ba ta yi masa wasa a gaban mutane ba, don a ce tana da kunya, to ba za ta fara ambatonsa yau a tsakiyar ciniki ba, a sa shi cikin lissafin azara da ƙyaure. Ta ce ta yi ta jira ne in tuna da kaina, tunda ba ita kaɗai ta haife shi ba. Wannan kalma ta ƙarshe ta fi mari zafi, kuma ba da faɗa ta faɗe ta ba. Game da masaƙi kuwa, ta ce matarsa ce ta wanke yaron, shi masaƙin ne kuma ya haƙa wurin da hannunsa ranar da ba na gari, su ba sai an gaya musu komai ba. Sai a sannan na gane cewa duk tsawon rigimar nan ni gida nake sayarwa, ita kuwa mai tsaron kabari take nema.

Muka sallama wa masaƙi a kan abin da ya taya, a gaban mai unguwa, ba a kuma ambaci lalle ba ko da kalma ɗaya. Muka koma Rogo ba keke, muka raɓa a gidan wani mutumin garin Jajaye, na ci gaba da ɗinkin hannu a gefen rumfar mai keke ina karɓar abin da ya raina. Ba zan ɓoye ba, mun sha wuya, akwai ranar da na dubi keken mutumin nan na kau da kai don takaici. Amma matar nan ba ta bar ni na yi da-na-sani ba. Ta kafa kaskonta tun ba mu gama kwance kaya ba, man gyaɗarta ya yi suna har daga garin Fulatan ana aikowa. Kaka biyu bayan nan ta sayar da tasoshinta na aure da awakinta, ta haɗa da abin da ta tara, ta sa yayanta ya nemo tsohon keke a Kano. Ranar da aka sauke shi ta ce mini ga cikon kuɗin gida nan, ta koma wajen suyarta. Ni kuwa sai hawaye. Da keken nan na aurar da 'ya'yanmu duka.

Yanzu ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya haskaka makwancinta. Bayan rasuwarta na je Yammedi. Masaƙi da matarsa sun daɗe da rasuwa, jikokinsu ne a gidan, an rushe ɗakuna an sake gini, amma lallen na nan ya yi kauri, ƙarƙashinsa a share. Na tambayi matar gidan, ta ce ita dai haka ta tarar, an ce ba a ɗaure dabba a nan, ba a zubar da ruwan wanke-wanke, ba a kuma sarewa. Na nemi izini na tsuguna, na yi addu'a, na kira sunan yaron a fili, sau ɗaya domina, sau ɗaya domin uwarsa.

Abin da na koya shi ne, mace mai haƙuri in ta kafe a kan abu ɗaya, akwai dalili, kuma sau da yawa dalilin ya fi ƙarfin bakinta ne. Kunya abu ne mai kyau, da ita aka rene mu, amma ni na ɓuya a bayanta har na manta da ɗana, ita kuwa ta riƙe tata kunyar ba ta manta da komai ba. Ina jan kunnen magidanta, musamman masu saurin hawa irina. Kafin ka yanka wa gida kuɗi, ka zauna da wadda take share shi kullum, ka sassauta murya, ka tambaye ta abin da ke cikinsa, ka kuma jira amsa ko da za ta daɗe. Ni taku ɗaya ya rage in sa a haƙa harsashin sito a kan ɗana, in kuma saki matar da ta zauna a ƙasa ta hana.