Inuwar da Baba Ya Ƙi

Mahaifina bai taɓa tsoron allura ba. Da wannan nake farawa saboda masu cewa jahilci ne ya hana tsofaffinmu rigakafin korona. Akwai tabon lamba a damtsensa tun na zamanin agana, har nuna wa jikoki yake yi yana alfahari. Shanunsa da ke hannun makiyayi a Azagor kuwa, babu shekarar da ba ya aikawa a yi musu allura. Saniya ta samu, mai saniya ya ƙi. Abin da ya hana shi tanti ne. Tanti, wallahi, tampol da ƙarafa!

Tantin nan lokacin zaɓe ya shigo unguwarmu. Jam'iyyar da ta ci ce ta saye shi don taronta, da launinta da tambarinta ɓaro-ɓaro a jiki, da aka gama aka bar shi a gidan Kawu. Kawu ba jininmu ba ne, aminin Baba ne tun makarantar allo, tare suka yi ta kai gero Maradi har furfura ta fito musu. Zaɓen nan ne ya raba su, Kawu yana jam'iyyar da ta ci, Baba yana wadda ta faɗi. Fadar shayinsu ta tsage biyu, Baba ya canza hanyar masallaci don kada ya bi ta ƙofar Kawu, da ciwon gwiwarsa da komai.

Da allurar ta iso ana tsakiyar bazara, majo, wato babban ma'aikacin asibitinmu, ya turo mutanensa cikin unguwa. Wanda ya san zafin ranar garinmu Dakoro ya san ba a jera tsofaffi a cikinta. Suka nemi inuwa, babu wadda ta kai ta tantin Kawu, suka kafa teburinsu a ƙarƙashi. Ba na jin sun ko ɗaga kai sun kalli launinsa.

Ni ce babbar 'yar Baba, ni na san darensa. Yana da fuka, yana da sukari, in sanyi ya kama shi ƙirjinsa har kuka yake yi. Na san in cutar nan ta same shi ba za ta yi masa da wasa ba. Na taso daga lakwal, makarantar da nake koyarwa, na same shi a zaure.

Na ce, "Baba, tashi mu tahi, layin bai yi tsawo ba."

Ya ce, "In tahi ina? Ƙarƙashin tsumman ga? Su ɗauke ni hoto su ce tsoho ya tuba? In sun sauke shi, yanzu-yanzu ni miƙa hannu."

Na ce to, abu ya zo da sauƙi. Na nufi gidan Kawu, na durƙusa na gaishe shi, na roƙe shi a sauke tantin ko na wuni guda.

Ya ce, "Ɗiyata, in na sauke shi yau, gobe cikin kasuwa za a ce mun ji tsoro. Ki ce mishi inuwa ba ta da parti."

Na kai saƙo. Baba ya ce, "Koma ki ce mishi tashi inuwar tana da shi."

Haka na wuni ina safa da marwa tsakanin tsofaffi biyu, kowanne da carbi a hannu, kowanne ya fi jaki taurin kai. Raina ya ɓaci har na ji kamar in zauna a tsakiyar titi in yi ihu. Daga ƙarshe na kawo shawarar da nake ganin ko yaro zai yarda da ita: a ɗauko tabarmi a rufe tambarin, a bar inuwar. Baba bai musa ba, alamar zai iya yarda. Kawu ya ce sam, rufe tambari cin mutunci ne, kuma ba ya rufuwa ma, iska za ta kwashe tabarmin.

Na roƙi majo ya zo gida. Ya ce kwalba in an buɗe ta sai an samu mutanen da za su ƙarar da ita a zama ɗaya, in dai kawo shi asibiti kowace rana. Amma kafin nan magana ta riga ta kai fadar su Baba. Suka yi ta zuga shi, namiji, dutse, wanda bai sayar da mutuncinsa ba. Wanda aka yi wa wannan kirarin, yaya za a gan shi a ƙofar asibiti yana naɗe hannun riga? Sai ya koma ce mini bayan azumi, bayan salla, bayan shuka. Masu allurar suka kwashe teburinsu suka wuce garin Bader Goula.

Da sanyi ya shigo ya je Maradi, ya dawo da zazzaɓi. Kwana kaɗan numfashi ya gagara. Ba a gwada shi ba, don haka ban san ko koronar ce ba, kuma ba zan yi wa Allah shisshigi a kan ajali ba. Amma ni na riƙe masa kai yana neman iska, kuma har yau in na tuna, haushi yana riga hawaye zuwa.

A unguwarmu ba a roƙon kayan zaman makoki, maƙwabci ne ke kawowa tun kafin a dawo daga maƙabarta. Da na leƙo ta zaure sai ga tantin a kafe a ƙofar gidanmu. 'Yan fadar Baba, masu kirarin nan, duk suna ƙarƙashinsa sun miƙe ƙafa suna shan ruwa, babu wanda inuwar ta ƙona. Na ɗaga kai. An rufe tambarin ruf da tabarmi biyu, an ɗaure su da igiya tamau, iska na kaɗawa ko motsi ba sa yi.

Kawu ya taso da sandarsa, idanunsa jawur. Ya ce, "Ɗiyata, ni na sa aka ruhe. Na san bai son ganinshi."

Na daɗe ina kallon igiyar nan. Ɗaurin bai kai tafasar shayi ɗaya ba.

Na ce, "Ashe yana ruhuwa, Kawu."