Wata Huɗu Ina Auna Akwati

Wendell Kozak ya yi shekara arba'in da ɗaya yana rubuta sunayen shaguna da buroshi a birnin Milwaukee na Amurka. Mahauci, mai gyaran takalma, mai sayar da cuku, duk rubutunsa ne a gilashin ƙofarsu. Bai taɓa ɓata lokaci wajen awo ba. Layi biyu yake ja da alli, ya jefa alewa a baki, ya fara. Ni maƙwabciyarsa ce, sana'ata zana haruffan kwamfuta, kuma a lokacin ina ji da kaina ƙwarai.

Da likita ya gaya masa ganinsa na tafiya, sai na bugi ƙirji na ce zan mayar da rubutunsa haruffan kwamfuta, ya gan su da idonsa tun da sauran gani. Ya ba ni kwali uku na tsofaffin zanensa.

A aikinmu, kafin ka ja layi ko ɗaya, sai ka zaɓi gida nawa za a raba akwatin da kowane harafi ke zama ciki: dubu, ko dubu biyu da arba'in da takwas. Mai hankali a minti biyar yake gamawa. Ni wata huɗu na cinye. Na fara da dubu, na zana daga A har M, sai zuciyata ta raya mini lanƙwasar buroshinsa ta fi ƙarfin dubu. Na koma babban, ɗigogin da ke riƙe da layukan haruffan suka ɗan goce, na share komai na sake daga farko. Har ɓatawa na yi da wani mutumin jihar Oregon a intanet kan wannan musu, ko fuskarsa ban sani ba.

Duk Lahadi nakan kai masa miya, ya tambaye ni ina aka kwana, in cika shi da bayani.

"Injiniya," ya ce mini wata rana, "wai har yanzu takardar kike aunawa?"

Lokacin da na gama, dusar ƙanƙara ta narke, ganinsa kuma ya tafi gaba ɗaya. Kunya ta hana ni shiga gidansa har mako biyu. Daga baya na sa kafinta ya yanko mini K a katako, na ɗora masa a cinya. Ya daɗe yana bin ta da yatsa, ya ce ƙafar harafin nan rubutunsa ce, babu shakka. Sannan ya tambayi wanne na zaɓa a ƙarshe.

"Dubu, Baba," na ce. "Wanda na fara da shi."

Ya yi dariya har da tari, ni ma na taya shi, raina kuwa a jagule.

"Na farkon nan da kika share, har M kika ce?" Yatsansa na kan katakon. "Ai da kin kawo shi haka nan. Da na ga K ɗina."