Ranar da Na Yi wa Yayata Labule da Hijabina

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da na cire hijabin makaranta a ɗakin masu jego na wani asibiti a garinmu Zuru. Ina aji biyu a sakandare lokacin, yarinyar da ko gaisuwa ta yi sai an sunkuyo ake jin ta.

Yayata ta haifi ɗanta na fari bakwaini, tafin ƙafarsa bai fi babban yatsana ba. Kullum in an tashi makaranta nakan kai mata abinci, kuma sau da yawa ina nan ake soka masa allura a dunduniya a ɗebi jini. Ba shi da ƙarfin kuka. Sai dai ya buɗe baki ba sauti, goshinsa ya tattare, yatsunsa su baje kamar mai neman abin kamawa. Daga nan sai ya ƙi nono har yamma. Na lura bayan allurar yake ƙin nonon, ga shi sai ramewa yake, amma na kasa faɗa.

Mai ɗibar jinin cewa yake, "Wanga mi ya sani? Ba su jin zafi." Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Rana ta huɗu wata nas dattijuwa, matar tsohon soja, ta karɓi aikin. Ta ce wa yayata, "Ɗiyata, rungume shi a ƙirji, fata da fata. Ɗiga mashi nono a harshe kafin in soka."

Surukar yayata, wadda ta zo dubiya tare da 'yan uwanta mata uku, ta yi salati. "Ɗan fari? Gaban mutane? Kunya ta ƙare ke nan? Ba a haka gidanmu."

Yayata ta kawar da kai, hawaye na zuba. Manyan mata huɗu a tsaye, kowacce na tsaron kunya, ba mai tsaron yaron. Na zare hijabina, na kama bakinsa biyu, na baza shi tsakanin gadon da su.

"To, Inna, yanzu ba mai ganinta."

Wannan karon an ji muryata.

Ta cikin labulen nake, don haka na gani. Yayata ta rungume shi a ƙirji, ta ɗiga masa nono a harshe. Allurar ta shiga, ya ɗan zabura, ya yamutse fuska, ya ci gaba da lasar nonon. Yatsunsa suka samu ƙirjin uwarsa suka lafe. Da la'asar ya kama nono.

A gida na sha faɗa, wai na yi wa manya fitsara. Ban ba da haƙuri ba. Yaron nan yanzu ya fi ni tsawo. Shi ya koya mini cewa wanda ba ya iya kuka ma yana jin zafi, kuma in na ga haka na yi shiru don kunya, ina cikin masu soka masa allurar.