Malama Memunatu da Zuciyar Saniya

Duk mai sammako a unguwar Aboabo ta Tamale ya san ƙarar babur ɗin Malama Memunatu. Daga unguwar Vittin take tahowa, tsofaffin kwamfutoci biyu goye a bayanta kamar uwar tagwaye. Makarantar da take koyar da ilimin halittu ba ta da ɗakin gwaji, sai allo da alli. Ita kuwa ta ƙi yarda yara su yi karatun aku. Ta nemo wasan kwamfuta inda ɗalibi ke tuƙa jini ta ɗakunan zuciya. In ya ɓata hanya, majinyaci ya faɗi. A watan nan ta yi ritaya.

Ta sha surutu, wallahi. Iyaye suka ce karatu suka turo yara, ba wasa ba. Wanda ya fi kowa zafi shi ne Baba Imoru mahauci, da ya rantse zai cire 'yarsa Shahida ya kai ta koyon ɗinki. Yarinyar kuwa ba ta da buri sai aikin jinya.

Ya faɗo makaranta ko rigar mayanka bai tuɓe ba. Malama ba ta yi musu da shi ba. Kujera ta miƙa masa, ta ce tunda ya fi kowa tsaga zuciya a Tamale, ya gwada tuƙa jinin. Gogan naka ya tura jini inda ya ga dama, majinyaci ya faɗi. Ya sake, majinyaci ya kuma faɗi. Yara na danne dariya. Ya ture hula ƙeya ya ci gaba, sai kiran azahar ne ya tashe shi.

"Malama, tun ina yaro nake tsaga ta," in ji shi, "ban taɓa tambayar ina ƙofofin nan suka nufa ba."

Washegari ya aiko da zuciyar saniya tun masu tsire ba su gan ta ba, kuma duk Alhamis bai fasa ba. A yi wasa, sannan a tsaga ta gaske, kowa ya zura yatsa.

Ke ce uwar tagwaye mai goyon ilimi, Malama. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Malamai, ku ɗauki hannu. Mai shakka kuwa ya leƙa rumfar Baba Imoru, ya ga Shahida cikin kayan asibiti tana auna wa mahaifinta hawan jini. Mutumin da ba ya jin maganar kowa, yanzu haɗiye ƙwayar maganinsa yake ba gardama. Ya ce ya ga yadda majinyaci ke faɗuwa a hannunsa, ba zai zama na gaba ba.