Farar Ƙasar Kiriya Zambeta

Duk ranar Asabar, kafin ƙararrawar coci ta buga shida, Kiriya Zambeta, wato Malama Zambeta, ta riga ta kwaɓa farar ƙasarta a bokiti. A lokacin ne 'yan rawa na ƙarshe suke gangarowa daga Kastro, tsohuwar unguwarmu ta kan dutse, takalma a hannu, idanu a kumbure, wasu suna rera waƙar da ba su san ma'anarta ba. Takan raɓe gefe, su wuce. Sannan ta shimfiɗa tsohon buhu, ta durƙusa a matakalar farko da ke bakin ƙofarta, ta tsoma buroshi, ta ja farin layi mai faɗin tafin hannu a bakin dutsen, ta jawo bokitin zuwa ta biyu. Matakala ɗari da casa'in da bakwai ne daga gidanta zuwa ƙofar mashayar Stamatis. Takan gama wajen sha ɗaya, rana ta dafa mata ƙeya, ta sauko a gefe-gefe don kada ta taka ɗanyen aikinta. Shekara goma sha tara tana haka, daga bikin Ista har jirgin ruwa na ƙarshe ya kwashe baƙi 'yan yawon buɗe ido daga tsibirinmu, ba wanda ya sa ta.

Mashayar Stamatis ba ta da allo, ba ta da fitilar waje. Tsohon gidan burodi ne mai tebur bakwai, sai barasar raki da zuma, ɗan farantin zaitun da cuku, da goge har asuba. Kowace bazara baƙi kan sauko suna ƙafafa, wai sun gano ɓoyayyen wurin da ko 'yan gari ba su sani ba. Mukan gyaɗa kai mu taya su murna. Lungunan Kastro sun fi arba'in, duk a murɗe, amma hanya ɗaya ce tak farin layinta bai yanke ba, kuma ƙafar wanda ya ɗan sha tana bin fari kamar akuya tana bin mai dusa. Zambeta ce ta kai su, ko da yake ba don su take yi ba.

Don mijinta take yi, Barba Lefteris, wato Baba Lefteris, mai gogen, wanda yake kiɗa a gidan tun zamanin uban Stamatis. Yana da shekara hamsin da biyu likitan ido a Atina, babban birninmu, ya gaya masa ganinsa zai tafi sannu a hankali, babu magani, kuma abin da zai daɗe tare da shi shi ne bambance fari da duhu. A jirgi, a hanyar dawowa, ya ce da matarsa:

"Zambeta, ki ji ni da kyau. Ranar da aka kama hannuna aka hau da ni Kastro, ranar zan rataye gogen nan. Kuma ban yarda kowa ya ji maganar idona ba."

Zambeta ta san surukinta, uban Lefteris, wanda tun ranar da ya daina fita kamun kifi ya ja kujera ya fuskanci bango, shekara ba ta zagayo ba aka binne shi. Ta san jinin nan ne a jikin Lefteris. Idan gogen ya hau ƙusa, mijinta ba zai daɗe ba.

To amma a tsibirin nan farar ƙasa tana da iyaka. Kowace mace takan shafe bakin ƙofarta da matakalan da ke gabanta, ta tsaya cak a kan na maƙwabciya. Wata duk mako take yi, wata sai Ista ta gabato, saboda haka hanyar Kastro fara ce a nan, toka-toka a can. Macen da ta tsallaka ta shafa wa wata nata, ta kira ta ƙazama ke nan a gaban gari. Zambeta ta san wannan sarai, a cikinsa aka haife ta. Asabar ta farko ta kai matakala ta sittin da uku, sai taga ta buɗe a kanta, Kiriya Argiro ta leƙo.

"Ke Zambeta! Mutuwa na yi ba a gaya mini ba?"

"Ina kwana, Argiro."

"Lafiya lau na kwana, sai da na gan ki. Hannuna ne ya karye, ko farar ƙasa ce ta gagare ni?"

"Saura ce ta rage mini a bokiti, na ce kada ta bushe."

"Saura! Da saura kika hau matakala sittin da uku? To ki koma ki juye ta a kan mijinki, ko furfurarsa ta daidaita!"

Ta ɗauko ruwan wanki ta sheƙa a kan ɗanyen shafin. Zambeta ta zauna a gefe har dutsen ya bushe, ta sake shafawa, ta wuce ta sittin da huɗu.

Shekara biyu mata suna matsawa idan ta zauna kusa da su a coci. Ista ta zo ta wuce, ba gidan da ya aiko mata da jan ƙwan da ake rabawa a bikin. Wasu suka ce Stamatis ne ya haɗa baki da ita don ta jawo masa baƙi, wasu suka ce kanta ne ya taɓu, wasu kuma suka ce alwashi ta yi wa wani waliyyi. Ta bar su a kan na ƙarshen, don shi ya fi sauƙin ɗauka.

Kiriya Zambeta, ke ce kika haɗiye duk wannan alhali kalma ɗaya za ta wanke ki. Da kin ce "idon Lefteris ne," da matan nan sun fito da bokitai suna kuka, kuma da yamma ba ta yi ba wani mai tausayi ya kama masa hannu. Kin san tausayinmu, kin san yana da nauyi. Sai kika zaɓi a ce ke ce marar kunya, shi kuma ya fito da ƙarfe tara da gogensa a hammata, hula a karkace, yana hawa shi kaɗai yana gaida mutane da sunayensu. Da muryarmu yake gane mu. Mu kuwa muna zaune a gabansa kowane dare muna tafi, ba wanda ya lura, kuma ina jin kunyar wannan har yau.

A shekara ta uku, daren idin Maryamu na watan Agusta, wuta ta ɗauke a tsibirin gaba ɗaya. Ba wata, iska tana kaɗawa, wayoyin lokacin ba su da tocila, kuma mutum sama da ɗari uku suna saman Kastro, mafi yawansu ba a cikin hayyacinsu ba. Ina cikinsu, kuma ba zan ce ina cikin 'yan tsirarun ba. Gefe ɗaya na hanyar bango ne, ɗaya gefen kuwa a wurare biyu babu komai sai iska da teku a ƙasa. Stamatis ya tsaya a ƙofa yana ihu da duk harshen da ya iya: "Ku kalli ƙasa! Ku bi farin!" Muka sauko ɗaya bayan ɗaya, kowa ya dafa kafaɗar na gabansa, layukan nan suna ɗan haske a ƙarƙashin taurari. Ma'aikaciyar jinyarmu ta buɗe ɗakin magani ta jera bandeji tana jira. Har gari ya waye mutum ɗaya ne ya zo mata, shi ma ciwon ciki ne.

Daga ranar Argiro ta daina sheƙa ruwa. Gaisuwa dai ba ta dawo nan da nan ba, amma duk Asabar sai Zambeta ta tarar da ƙaramin kofin gahawa a matakala ta sittin da uku, da murya daga bayan labule tana cewa, "Saura ce, kada ki ɗauka wani abu ne."

Da kakar bara gwiwoyinta suka ƙi. Likita ya ce idan ta sake durƙusawa a kan dutse, ɗaukar ta za a yi. Hunturu, wanda shi ne daminarmu a nan, ya zo da ruwa mai yawa, ya wanke hanyar ta koma toka-toka. Ana saura mako ɗaya Ista ta ɗaura buroshi a jikin sanda ta gwada a tsaye, ta kai ta goma sha ɗaya, ta zauna a nan ta yi kukanta ta koma gida. Stamatis kuwa zai buɗe ranar Juma'ar bayan Ista, kamar kowace shekara.

Abin da ya faru da yammacin Juma'ar nan mun ji shi ne daga Argiro, wadda ta sauko mayar da kwano ta tarar da taga a buɗe, kuma Argiro ba ta taɓa barin magana ta kwana a cikinta ba. Lefteris ya sa farar rigarsa yana laluben gogen, sai Zambeta ta ce:

"Lefteris, kada ka hau yau."

"Stamatis ne ya mutu?"

"Ban shafa ba. Tun kaka ban shafa ba, ruwa ya cinye komai. Babu farin da za ka bi." A shekara goma sha tara, ranar ce ta fara faɗin maganar a gabansa. "Bari in kira Stamatis ya sauko ku hau tare, kamar hira kuke yi. Ba wanda zai gane."

Ya lalubi kujera ya zauna.

"Zambeta, shekara shida ke nan rabona da ganin farinki. Fuskarki ma ba na gani, balle layi."

"Ƙarya kake yi. To da me kake hawa?"

Ya ɗaga ƙafa ya nuna mata takalminsa mai siririn tafi, wanda ta sha yunƙurin jefarwa yana hanawa.

"Shafi a kan shafi, shekara a kan shekara, ya yi tudu a bakin kowane dutse, kaurin yatsa. Babban yatsana yana taɓa shi, na san ga bakin matakala. Ke kika gina shi, ba ki ma sani ba."

"Shekara shida ka bar ni ina jan gwiwa a kan dutse?"

"Na bar ki. Tsoro na ji. Na ce idan kin san duhun ya rufe gaba ɗaya za ki kama hannuna, ni kuma in dai ke ce, ba zan iya fizgewa ba. Ni na cinye gwiwoyin nan, Zambeta. Ki yafe ko kada ki yafe, duk kina da gaskiya."

Ta ɗauki busasshen buroshin ta jefe shi. Argiro ta ce a kafaɗa ya same shi, kuma bai ko kauce ba, don bai ga zuwansa ba. Wannan ne ya karya ta.

"Tsohon banza," in ji ta, tana kuka. "Ka ɓalle maɓallin riga a karkace. Zo nan."

Ta gyara masa, ta miƙa masa gogen, ta janye hannunta zuwa bayanta.

"Tafi. In kuma ka faɗi, kada ka dawo mini nan."

Ya fita. Ta jawo kujera bakin ƙofa, Argiro ta fito daga maɓoyarta ta zauna kusa da ita da kwanon a cinya. Daga nan ba a ganin hanyar bayan kwana ta farko, amma idan iska ta biyo ta arewa takan sauko da sautin Kastro. Yakan yi minti ashirin yana hawa. Ashirin ta wuce, ashirin da biyar ta wuce. Tara da rabi daidai jan gogen farko ya gangaro ta saman rufin gidaje. Argiro ta nuna mini shatin farcen Zambeta a wuyan hannunta kwana uku bayan haka.

Na je na yi wa Barba Lefteris faɗa a kan shekara shidan nan, kamar yadda rabin gari ya yi masa, ya sunkuyar da kai ya karɓa. Da na gaya wa Zambeta zan rubuta wannan, cewa ta yi, "Rubuta mana, ai Argiro ta riga ka. Amma kada ka mai da ni waliyyiya. Ka sa cewa na jefe shi."

Na sa, Kiriya Zambeta. Mai bokitin asuba, ke ce kika riƙe mutum shekara goma sha tara ba tare da kin taɓa hannunsa ba. Ke ce kika sauko da mu lafiya a daren da ba mu cancanta ba, mu da dubban baƙin da suka koma ƙasashensu da ƙafafunsu ƙalau ba su san sunanki ba. Mun matsa miki a coci, mun ƙirƙira miki labarai, kika ci gaba da gaishe mu. Mun gode, kuma ki yafe mana.

Sauran maganar tamu ce, mutanen hanyar Kastro. Yanzu kowa ya san Barba Lefteris ba ya gani, saboda haka ina roƙon ku, duk yadda zuciyarku ta motsa, kada wanda ya kama masa hannu. In kuna son taimakonsa, ku kwaɓa farar ƙasa da kauri, ku shafa naku, ku tsallaka ku shafa na maƙwabta, wadda ta ji haushi ta zo ta zage ni. Tudun nan ba dutse ba ne, idan ba a ƙara masa ba ɓarewa yake yi. A matakala ta ɗari da arba'in da biyu, inda hanya ta matse ta gefen teku, ya riga ya fara; na taɓa shi da hannuna jiya, ɓarin ya biyo yatsana. Barba Lefteris zai fito da ƙarfe tara.