Taya Mai Kibiya

Akwai wani dattijo mai faci a bakin tasharmu ta Funtuwa da aka yi wa duka a gabana, dukan kuwa nawa ne, ni ya kamata a yi wa. Shekaru sun ja, amma duk ranar da abin ya faɗo min a rai sai abinci ya fita kaina. Daga sayen taya aka fara, don haka daga nan zan ɗauko.

Mota ɗaya muke ja ni da yayana, ƙaramar bas mai cin mutum bakwai, ko da yake mu tara muke zubawa. Funtuwa zuwa Malumfashi, Malumfashi zuwa Funtuwa, yau shi gobe ni. Yayana mutumin kirki ne in ba a taɓa shi ba, sai dai hannunsa ya fi bakinsa sauri. A lokacin ina da mata da 'ya'ya biyu, amma wallahi in ya ɗaga murya sai in ja da baya. Tun muna yara ya taɓa fasa min baki da taɓarya don na bar akuya ta shiga dawa. A tasha kuwa na ga ranar da ya shaƙe wani ɗan kamasho har idanunsa suka firfito, sai da mutum huɗu suka ɓamɓare shi.

Gab da faɗuwar damina tayoyinmu na gaba suka siɗe, suka yi sumul. Yayana ya ce in je in zaɓo biyu cikin 'yan gwanjo, tunda sababbi ba sa'o'inmu ba ne. Na tafi rumfar dattijon, domin shi ke yi wa gidanmu faci tun zamanin babanmu, kuma yana ɗan ajiye tayoyi na sayarwa. Ya gangaro min da iri biyu. Ɗaya zanenta irin na kowace taya ne, babu abin kallo. Ɗayar kuwa zanenta mai zurfi ne, ya jeru kamar ƙayar kifi, ga wata kibiya an zana a gefenta. Idona ya faɗa kanta bai ƙara tashi ba.

Ya yi min bayani a tsanake. Ya ce mai kibiyar nan hanya ɗaya ta sani. In an ɗaura ta, dole kibiyar ta kalli gaba, ta hagu ta zauna a hagu, ta dama a dama, har su mutu. An yi zanen ne don ya riƙa watsa ruwa waje in ana gudu, in kuwa aka juya ta, maimakon ta kori ruwan sai ta tara shi a ƙarƙashinta. Marar kibiyar ba ruwanta, duk inda ka sa ta nan ne wurinta.

"Ɗana, ɗauki marar kibiyar nan," in ji shi. "Na san gidanku. Ba ku barin taya ta zauna wuri ɗaya."

Gaskiya ya faɗa. Babanmu, Allah ya jiƙansa, duk bayan 'yan makonni sai ya ɗage mota da jak a ƙofar gida, ya mayar da tayar hagu dama, ta dama hagu. Ramukan hanya da gefen kwalta suna cin ɓari ɗaya, shi kuwa a wurinsa musanyar nan ita ke ƙara wa taya kwana. Haka muka taso muka gani, muka ɗauka kamar wankin mota, ba ma tunani kafin mu yi.

Amma ni so nake in shiga tasha a juyo a kalle ni. Na ce masa, Baba, ai na ji, ni ba yaro ba ne. Bai ja da ni ba. Ya ɗaura min masu kibiyar guda biyu da hannunsa, ya buga iska, ya sa ɗan yatsa ya nuna min kibiyar har sau biyu. Da na shiga tasha direbobi suka zagaye motar suna shafa zanen. Yayana ya zo ya hauri ɗaya da ƙafa ya ce ba laifi, wanda a bakinsa babban yabo ne. Ban gaya masa zancen kibiya ba. Ba mantawa na yi ba, gani na yi surutun tsofaffi ne.

Bayan kamar wata biyu, ruwa ya zauna sosai, na lura ta hagun ta fara cinyewa ta waje. Wata Juma'a da hantsi na ɗage motar a ƙofar gida na musanya su. Ina cikin ɗaure noti na ga kibiyar ta koma tana kallon baya. Na tsaya da sifana a hannu, maganar dattijon ta dawo min tsaf. Sai na ce a raina, roba ce fa, ina ta san gaba da baya? Rana ta fara zafi, ga masallaci yana jira. Na ƙarasa ɗaurewa na sauke jak.

Kwana uku bayan nan, ranar yayana ce. Ya taso daga Malumfashi bayan azahar da cikakken lodi, ga buhunan taki a baya, hadari ya tarar da shi kusa da Bakori. Wata mata da ke zaune a gaba ce ta ba ni labarin daga baya. Ta ce ruwa ya kwanta a kan kwalta a wani gangare, ya ɗan taɓa birki, sai ta ga yana murza sitiyari motar ba ta amsawa. Motar ta juya da su, ta daki kwalbati, ta wuntsila sau biyu, ta kwanta a gonar masara.

Da aka kira ni na hau babur na je. Buhunan takin sun fashe sun cakuɗe da laka da jini. Wani mutum na zaune a bakin hanya ya dafe kunnensa da ya rage a 'yar fata. Wata tsohuwa ƙashin ƙaurinta ya huda fata ya fito fari fat, ba ta ma kuka, kallonsa kawai take yi. Yayana goshinsa ya dare, haƙoransa biyu sun zube, yana tofar da jini yana ƙoƙarin ɗaga motar shi kaɗai. Allah ya tsare, babu wanda ya rasu.

Har yau ban san iyakar rabon taya a hatsarin nan ba. Yayana mai gudu ne, lodin kuma ya wuce ƙa'ida. Amma wanda ya kifar da mota cike da mutane, abin da zai kama yake nema, ba ya tsayawa tantancewa.

Washegari aka jawo motar zuwa tasha. Mutane suka taru suna jajantawa. Wani direba da ya daɗe yana zuwa kudu ya tsuguna a gaban tayar, ya goge lakar da tafin hannu, ya ce ai wannan baibai aka ɗaura ta, ga kibiya nan tana kallon baya, dole ta yi sulɓi a ruwa. Yayana ya juyo gare ni, kansa naɗe da bandeji, ido ɗaya a kumbure.

"Wa ya ɗaura tayar nan?"

Na ce, "Baba mai faci."

Shi ya ɗaura ta ranar farko, wannan gaskiya ne. Amma na san abin da aka tambaye ni, na kuma san ƙarya na yi. Tsoro ne kawai, ba wani abu ba, tsoron ɗan'uwana a gaban jama'a.

Suka ɗunguma, sun kai goma, har da 'yan'uwan wasu fasinjojin. Na bi su a baya ina ce wa kaina faɗa kawai za a yi. Muka iske dattijon a tsugune yana tsoma tiyub a bahon ruwa yana neman inda ya huje. Ya ɗago zai yi wa yayana sannu da arziki, sai ƙafa ta sauka a ƙirjinsa. Ya faɗa kan injin iska. Daga nan kowa ya sami abin dukansa, wani bel, wani tiyon iska, wani guntun taya. Wani ya kifa masa bahon a ka. Hularsa ta faɗa cikin baƙin mai aka tattake ta. Yana salati yana tambayar me ya yi, babu mai saurare.

Yayana ya ja shi da wuyan riga a ƙasa har inda motar take, ya danna fuskarsa a jikin tayar, ya ce ya duba aikinsa. Dattijon ya dubi kibiyar. Sai ya ɗago kai, jini na bin gemunsa, ya riƙa bin fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya har ya same ni. Bai tona ni ba. Jira yake yi. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

Wani ya miƙo liba, ƙarfen nan da ake ɓamɓare taya da shi. Yayana ya ɗaga ta ya sauke, dattijon ya tare da hannun dama. Na ji ƙarar, kamar an taka busasshen kara. Sai a lokacin muryata ta fito, na ce ni ne, ni na musanya su ranar Juma'a, ya gargaɗe ni na ƙi ji.

Yayana ya yar da libar ya yo kaina. Ya karya min hanci, ya haɗa kaina da ƙofar motar har sai da na daina ganin komai sai ja. Ban kare ba, ban gudu ba. Wallahi daɗin dukan na ji, sai dai ya zo a makare. Manyan tasha ne suka raba mu, aka ɗauki dattijon aka kai shi wurin mai ɗori.

Dattijon ya ƙi kai ƙara. Yayana ya je gidansa ya durƙusa tun a makon, ya dawo idanunsa jajur, ya yi wata uku bai yi min magana ba. Ni kuwa na kasa zuwa. Na riƙa zagayawa ta ƙofar baya ta tasha don kada in bi ta gaban rumfar.

Sai bayan an gama girbin masara na yi ƙarfin hali. Rumfar na nan, amma tayoyin sayarwa sun ƙare, yawancin direbobi sun koma wurin wani mai saurin hannu. Hannun ya warke a karkace, yatsu uku ba su lanƙwasuwa. Na same shi yana kokawa da tayar wata mota da hagu, libar tana ta zamewa. Na durƙusa a cikin baƙin man nan na roƙe shi gafara, ina kuka kamar ba magidanci ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce ya yafe tun ranar, albarkacin babanmu. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa, alhali ya gane tun da ya ga kibiyar.

"Da ni na faɗa, da kashe ka zai yi," in ji shi. Ya dubi hannun. "Kuma na ɗauka za ka faɗa da wuri."

Ya turo min libar da ƙafa.

"Tashi ka cire min ita, ɗana. Mai motar ya daɗe yana jira."